Irin Dankalin Yaya Sale

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Sale makwancinsa a Ɗantutture. Ban ji wanda ya tuna ba, ban kuma sa ran ji ba. Ba attajiri ba ne, ba mai sarauta ba, manomi ne mai riga biyu. Ni ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni kaɗai na rage a ɗakinmu. In ban rubuta ba, babu mai rubutawa.

Da dankali aka san shi. Yana da wani iri da ya gada wajen mahaifinmu, jan baya, cikinsa kamar gwaiduwar ƙwai, in aka dafa ga gari ga zaƙi. Wanda bai san noma ba zai ɗauka ana zuba irin dankali a rumbu kamar gero. Ba haka ba ne. Yaɗonsa ake yanka a dasa, saboda haka dole mutum ya raya ɗan yaɗo tun daga kaka, ya ƙetare da shi rani, har damina ta dawo. In ya bushe, iri ya tafi ke nan. Yaya Sale a bayan ɗakinsa ya yi wa nasa wuri, ya kewaye da ƙaya saboda awaki, kuma a nan yake alwala. Sau biyar a rana ruwa na sauka bisa ganyen. Ko ranar da rijiya ta ja baya, yaɗon nan bai taɓa kwana da ƙishi ba.

Ni kuwa an sa ni elementare, na yi aji uku na fito. Karatun bai kai ni akawu ba, amma ya isa ya sa na raina garma. Na ƙare masinja a wani ofis a Dutsin-Ma, har yau nan nake. Wata rana na tsinci takarda a ofis mai bayanin noman dankali, na naɗe ta a aljihu na hau keke sai gida, ina jin na zo da abin da zai rufe bakin yayana.

"Yaya, ga abin da masana suka rubuta. Da ruwan fari ake shukawa. Kai kana zaune har marka."

"Karanta mani, Malam Akawu," in ji shi. Ya san sarai ni ba akawu ba ne.

Na karanta ina tuntuɓe. Ya saurara har ƙarshe.

"Wanda ya rubuta wannan, ya taɓa kwana Ɗantutture?"

"Bature ne fa."

"To shi dasa a garinsu. Ruwan fari na gero ne, shi ke iya jira. Yaɗo ba ya da saiwa ranar da ka sa shi ƙasa, da mi zai sha in sama ta ɗauke? Bari a gama maimai, noman gero na biyu, ƙasa ta sha ta ƙoshi, sannan ka ta da kunya."

Na ce takarda ta ce ba a haƙa sai ganye ya mutu. Ya yi dariya har da tari. Ya ce wanda ya jira ganye ya mutu, tsutsa ya noma wa. Bayan wata uku ka riƙa duba kunya. In ta tsage, ka tono ɗaya ka karya. In farin ruwan da ya fito ya bushe fari, ya nuna. In ya yi baƙi, ka mayar da ƙasa ka koma gida. Na hau kekena ban yi masa sallama ba.

A ranin shekarar ya rasu, zazzaɓin kwana huɗu. Bai bar ɗa ba. Matarsa Inna Rabi ta ci gaba da alwala a wurin har ta fita takaba. Ranar da danginta suka zo ɗaukarta, ta kai ni bayan ɗaki ta nuna mani yaɗon, kore shar. Ta ce, "Ga na yayanka nan, na fita haƙƙinsa."

Da aka yi ruwan fari na zo da takardata. Na yanke yaɗon kakaf, ban bar ko reshe ɗaya a gindi ba, na dasa kunya shida. Ina so in nuna wa mutumin da ke kabari cewa ni ke da gaskiya. Sama ta ɗauke kusan kwana ashirin. Da na dawo, abin da na tarar bisa kunya ko akuya ba za ta kalla ba. Daga baya wani malamin gona ya ga takardar a hannuna, ya ce ai wannan ta dankalin Turawa ce, wanda ake binne ƙwayarsa a duwatsun Jos inda ake sanyi. An faɗi haka a shafin farko. Ni shafi na biyu na tsinta.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya Sale zai ce da ya ga yau. Turawa sun tafi, mun sami mulkin kai, ga takin zamani a buhu, ga rediyo a teburin mai shayi. Samarin ƙauyenmu sun tafi Kaduna neman aikin masaƙa, masu aji uku irina sun cika gari, kowa da biro a aljihu, ba mai iya gaya maka yaushe ƙasa ta ƙoshi. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai tambaya ne ko an gama maimai. Ni ne mai faɗan, kuma ba ni da wanda zan yi da shi. Gidanmu ya zama kango, ɗakina na haya ne, in na dawo daga aiki ni da bango ne.

Da kakar da ta wuce, a kasuwar Kurfi, na ga tulin dankali jan baya gaban wani dattijo. Na karya ɗaya na duba cikinsa. Shi ne. Sunan dattijon Malam Buba, Bafillacen Tamawa da ya zauna ya kama noma. Na bi shi har gida, a hanya na faɗa masa ƙauyenmu, na roƙi yaɗo. Ya yanko mani dami guda, ya ƙi karɓar komai.

"Ni ma ba ni aka yi," in ji shi. "Wani bawan Allah ne daga wajen Ɗantutture, shanuna suka shiga gonarsa, na je ba da haƙuri, na dawo da iri. Sunan ya ɓace mani. Kai da ka san wajen, ko ka san shi?"

Na ce, "Na taɓa jin labarinsa."

Abin da na iya faɗa ke nan. Da a ce na ce yayana ne, da sai ya tambaye ni ina namu irin.

Yanzu a Kurfi dankalin Buba ake ce masa, gonaki da yawa sun ɗauka. Mutane na ci suna santi, ba su san Sale ba. Da farko abin ya ci mani rai. Da na zauna na duba, sai na ga ba a zalunce shi ba. Abin da ya bayar yana nan yana yaɗo. Wanda ya bar wa ɗan'uwansa ne ya bushe.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya sa ka huta. Irinka bai ɓata ba. A hannuna kaɗai ya mutu.