Baffa da Shanun Kaboyi

Shekarar da aka fara Shari'a a Zamfara aka rufe gidan kallon bidiyo na unguwarmu a Ƙaura Namoda. Mai gidan ya rarraba wa abokansa kaset-kaset ɗin da suka rage. Maigidana, wanda tela ne, ya dawo da guda ɗaya a aljihun riga. Fim ɗin kaboyi ne, Turawan Amurka masu kiwon shanu bisa dawaki. Harbin cikinsa kaɗan ne. Wasu mutum huɗu ne masu faffaɗar malafa, ɗaya riƙe da jita, da sun sauka daga doki sai waƙa.

Tun maigida yana saurayi yake son su, lokacin da yakan hau jirgin ƙasa zuwa Gusau kallon silima. Shi ya ba ni labarin cewa irin waɗannan mawaƙa a rediyo suka fara, daga baya masu shirya fim suka riƙa ɗaukarsu su bi bayan jarumi suna rera masa. Akwai mai siririyar murya, akwai mai kauri, akwai wani mai karya tasa kamar yana kiran mutum a ƙetaren gulbi. Idan yana taka keken ɗinki, waƙarsu ce a bakinsa.

Wata rana bayan la'asar Baffana ya iso daga rugarsu ta wajen Birnin Tsaba. Da ma da ƙyar ya yarda ya ba da ni ga "ɗan silima". Ina dama masa fura aka kawo wuta, yara kuwa suka ruga suka kunna kaset. Na san da Baffa zai ce uffan, maigida zai jefa abin a murhu ba musu, ya rasa ɗan abin da ya rage masa na ƙuruciya.

Maigida ya sulale zuwa zaure, don suruki ba ya zama wuri ɗaya da surukinsa. Baffa ya jawo buzunsa bakin ƙofar ɗaki, ya jingine sanda. Ya zuba wa fim ɗin ido, sannan ya juyo gare ni.

"Ke, shanun ga ina tozonsu?"

Na ce ban sani ba. Ya ce in tambayo mutumin. Na je zaure, na tarar da maigida a tsugune kamar mai jiran hukunci. Ya raɗa mini cewa haka Allah ya yi na can, ba su da tozo. Na kai amsa, aka sake aikena: wa ke tatsarsu? Maigida ya ce bai taɓa ganin an tatsa ba. Baffa ya girgiza kai, ya ce garke kamar wannan ba ƙwarya ko ɗaya, wannan ai asara ce. Sau biyar ina kai da kawowa, har furar ta kwanta.

Sai aka nuno shanun sun kwanta, mutanen nan huɗu suna kewaya su a hankali, suna waƙa ƙasa-ƙasa. Baffa ya ɗaga wa yara hannu su yi shiru, ya ce in tambayo abin da suke cewa.

Maigida ya sosa ƙeya. Ashe duk shekarun nan da yake rera ta, kalma biyu kawai yake ganewa a ciki: shanu da gida. Na faɗa wa Baffa haka. Ya yi dariya har da share hawaye.

"Ni na ji su. Cewa suka yi ku kwanta, babu kura, gobe akwai ruwa. Haka muke yi musu in hadari ya taso."

Ya sa aka maido wurin baya har sau biyu, a na biyun yana bin su da ɗan guna-guni irin na daji. Sannan ya juya wajen zaure ya ɗaga murya ya yi wa maigida magana da kansa, abin da ban taɓa jin ya yi ba tun aurenmu.

"Malam tela, aje abinka. Mai lallashin saniya ba mutumin banza ba ne."

Daga zaure muka ji maigida yana ta godiya. Da Baffa zai koma washegari, ya ce bayan girbi zai zo da ƙanensa, don in ya gaya masa akwai shanu marasa tozo, cewa zai yi tsufa ya fara taɓa shi.