Ruwan da Ya Same Mu a Lambun Landan

Wata Laraba ce ta watan Shawwal, ina aji huɗu na firamare, Kawu Bashir ya shige gabanmu ta wata babbar ƙofar ƙarfe a tsakiyar birnin Landan, ya juyo yana yafito mu. Ina shiga na tsaya cak. Ciyawa ce shimfiɗe har inda ido ya gaji, ga itatuwa masu kaurin da mutum uku ba za su rungume ɗaya ba, ga tafki can ƙasa yana ƙyalli. Ni kuwa 'yar unguwar Utaibiyya ce, a Makka aka haife ni. Filin wasana saman benenmu ne, inda muke zana 'yar gala-gala da gawayi tsakanin igiyoyin shanya da tankin ruwa, baƙaƙen duwatsu na leƙo mu ta kowane gefe. Koren da na sani bai wuce tukunyar na'a-na'ar Umma ba, wadda ni ce mai ba ta ruwa kullum kafin in tafi makaranta. Tun muna ƙanana aka koya mana cewa ba a cire tsiron da ya fito a ƙasar Harami, don haka sai na riƙa ɗaga ƙafa a hankali, har Kawu ya kama ni yana dariya ya ce, “Taka mana, Hanan, ciyawar nan ta saba.”

Ba yawon buɗe ido ne ya kai mu ba. Idon Umma na hagu ya riga ya dushe, na dama ma ya fara bin sawu, kuma ranar Juma'a za a yi mata aiki. Likita bai yi alkawarin komai ba. Abu ɗaya ya ja kunne a kai: kada ta yi mura ko zazzaɓi, in ba haka ba sai an ɗage aikin, hutun da aka ba Abba a wurin aikinsa kuwa ya kusa ƙarewa. Umma ce da kanta ta ce wa ƙanenta, wanda ke karatu a garin, ya kai ta inda za ta cika idonta da kore tun tana iya gani.

Kawu ya ce a da can dajin farautar sarakuna ne, ɗaruruwan shekaru kafin a bar talakawa su shiga. Sai na riƙa hango barewa a bayan kowace bishiya. Barewa dai ban gani ba, amma na ga kurege mai wutsiya kamar tsintsiya ya zo har gaban takalmina ya miƙe tsaye, na ga wasu fararen tsuntsaye masu dogon wuya suna tafiya a kan ruwa kamar ba sa motsi, na ga wata tsohuwa a kan keke da kare a kwando. Na yi gudu har numfashina ya ƙare, na kwanta na mirgina, na tashi da ganye a gashina. Umma na zaune a kan darduma, tana zuba shayi daga fulas ɗin da take tafiya da shi Arfa duk shekara idan ta je dafa wa alhazai abinci. Ba ta ci sambusar da muka zo da ita ba. Kallo kawai take yi, tana juya kai sannu a hankali daga wannan bishiya zuwa waccan, kamar mai hadda.

Ana cikin haka ɗigon farko ya faɗo a bayan hannuna. Kafin ka ce me, lema ta buɗe ko'ina, iyaye suka tura kekunan jarirai suka nufi ƙofa, filin ya fara watsewa. Mu kuma abin da jininmu ya sani muka yi. A Makka ruwa baƙo ne mai tsada. Ranar da ya sauka, malamai kan bar mu mu fita tsakar makaranta, mata su hau bene, maza su fito daga shaguna a unguwar Jarwal suna ɗaga hannu, domin lokaci ne da ake karɓar addu'a, kuma ba ya jiran kowa. Sai ga ni a tsakiyar fili ina tsalle ina ihu, “Ruwa! Yalla, Umma, ruwa!” Umma ta miƙe, ta naɗe hannun rigarta don ya taɓa fatarta, ta ɗaga tafukanta sama.

“Hajiya, likita fa,” in ji Abba.

“Alhaji, rabona da ruwa tun bara. Yau Allah ya aiko mini shi har inda nake, ana jibi za a taɓa idona, sai in gudu?”

Abba ya dubi sama, ya ce to a bar ta, ai yanzu zai ɗauke. Kawu ya riƙe kai. “Yaya, wannan ba irin naku ba ne da ke leƙowa ya gudu. Na nan in ya zauna sai ka ba shi ɗaki.” Babu wanda ya saurare shi. Abba ma da ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya tsaya kusa da ita ya ɗaga nasa hannun. Na taya su da iyakar abin da na iya: Allah ka bar wa Ummata idonta. Na yi ta maimaitawa, ruwa na shiga bakina, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na tashi, ganyaye na rawa a samanmu. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba.

Muka yi ta jira ya ɗauke mu shafa addu'a, bai ɗauke ba. Darduma ta jiƙe, sambusa ta zama kunu, haƙorana suka fara haɗuwa. Sai da Kawu ya tuɓe rigar sanyinsa ya yafa wa yayarsa ya ja ta da ƙarfi sannan muka bar wurin. A cikin bas Umma ta yi atishawa sau ɗaya, na ga fuskar Abba ta canza. Kawu ya dafa citta da kanumfari, aka lulluɓe ta da duk bargon da ke ɗakin. Ranar Alhamis kowa ya wuce sai ya taɓa goshinta, tana ture hannunmu tana cewa mun mai da ita burodin gasawa. Goshin ya ɗan yi ɗumi da rana, zuwa magariba ya huce. Ranar Juma'a aka shiga da ita.

Idon hagun bai dawo ba. Na daman ya tsaya.

Yau ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata, kuma Makka ta cika da dogayen gine-gine har ba a ganin duwatsun daga benenmu. Na sake zuwa lambun nan da girmana, da lema a jaka kamar kowa, na same shi yadda yake, sai dai ƙafafuna ba su yi gudu ba. Umma ta tsufa, ta daina zuwa Arfa. Da wannan ido ɗaya ta ga aurena, da shi take karanta Alƙur'aninta bayan asuba, da shi take zura zare a allura, kuma in ka miƙa hannu za ka taimaka sai ta harare ka da shi. Duk lokacin da hararar ta same ni, godiya nake yi.