Wuƙar Baba da Ragon Layya

A unguwarmu a Garwa, babu mai kayar da ragon layyarsa sai Baba ya iso. Mahauci ne ɗan mahauci. Ni kuwa lekol, makarantar boko, ta ɗauke ni, ko kaza ban taɓa yankawa ba, shi ya sa yake tsokanata da Malam mai alli.

Mantuwa ta fara masa da ƙananan abubuwa, takalmi a masallaci, sunan jika. Ranar da aka tsinto shi a bakin Binuwai yana neman hanyar gida, na kai shi lopital. Likitar ta ja ni waje ta yi mini bayani da Faransanci. Ta ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu gadi da shara, su ke kwashe abin da ya lalace. Idan tsufa da cuta suka daɗe suna tsokanarsu sai su rikice, su riƙa haɗawa da mai kyau. Nan take na gane, don na sha jin Baba yana faɗa da masu gyaran nama, a ce su cire jijiya su tafi da tsoka. Maganin warkewa kuwa babu tukuna. Na ninke takardar da ta ba ni na sa aljihu, na ce wa Baba gajiya ce.

Da layya ta matso, Inna ta ce a ɓoye wuƙarsa. Yayana ya ce da a raba Baba da ita gara a binne shi da rai. Na goyi bayan Inna har da ɗaga murya, ni na ɓoye ta da hannuna. Ranar Sallah sai ga Baba ya zaro ta daga ƙarƙashin buhun gero, ya wasa ta tas.

Aka kayar da ragonmu. Baba ya tsuguna, wuƙar a bayansa kamar yadda ya saba. Ya daɗe a haka. Yana shafa wuyan ragon yana neman inda zai fara, bai samu ba. Ban taɓa jin tausayin wani kamar ranar ba.

Ya ɗago kai, ya miƙo mini wuƙar ta bayansa.

"Malam, zo ka yi. Amma kar ka bari ya ga wuƙar, zalunci ne."

Na yi bisimilla na yanka. Takardar lopital tana nan a akwatina, har ya rasu bai gan ta ba.