Tarwaɗar Tafkin Kan Dutse

Shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik muna haya a unguwar Dengfeng ta birnin Guangzhou, Baba yana tura kaya daga kasuwar Shahe zuwa Kano. Ya ɗauko kakata Iya daga Yawuri a duba mata ido. Babu murhu a saman bene, sai risho. Bayan magariba takan sa a kunna shi, ta kara tafukanta, mu kewaye ta mu sha tatsuniya.

"Matso, maigida," ta ce mini wata rana. "Ta yau ba ta dariya ba ce."

Wai akwai wani tafki a ƙwanƙolin dutse, ba komai cikinsa sai kwaɗi. Wani masunci ya hau da 'ya'yan tarwaɗa a gora ya zuba. Ya tsufa ya mutu, kifi ya cika ruwan, masunta suka samu abin yi. Amma tarwaɗa ta cinye 'ya'yan kwaɗi kaf, sauro ya sauko gari, zazzaɓi ya dinga ɗaukar jarirai.

Wani manomi, Tanko, ya binne 'yarsa da safe. Da rana ya daka majimfa, ganyen da ke kashe kifi, ya hau dutsen. A bakin ruwa ya iske yayansa Mamman, masunci.

"Yaya, kauce."

"In ka zuba, me 'ya'yana za su ci?"

Tanko ya zuba. Mamman ya soka masa mashin kamun kifi a ƙirji, ya ɓullo ta baya. Manoma suka hau da gatura suka sassare Mamman, suka banka wa komar masunta wuta. Aka wuni ana sara. Washegari gawarwaki da matattun kifi suna yawo tare a kan jan ruwa.

Na ce, "Iya, wa ke da gaskiya?"

"Je ka tambayi uwarsu. Ita ta rasa biyu rana ɗaya."

Na girma a Guangzhou, har na koyi jefa ƙugiya. Bara ma'aikatan gwamnati suka zo da raga wani tafkin kan tsauni da muke kamun kifi, wai kifin cikinsa baƙo ne, yana kashe halittun wurin. Abokina, wani dattijo Basine, ya shaƙe wuyan wani yaro cikinsu, har idon yaron ya firfito. Ni ma raina ya ɓaci, kifinmu ne ake kwashewa. Amma na ga zoben aure a yatsan yaron. Na rungume abokina ta baya, ban sake shi ba sai da ya fashe da kuka.