Uwar Tasha da Ƙullin Saƙo

Gari na wayewa za ka ga Malama Hansai ta fito daga lungunsu a Unguwar Shanu, jaka a hammata, ta tari keke sai tasha. Jami'ar lafiya ce. Aikinta bin sawun sigarin da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya, wanda ba gargaɗi a jikin kwalinsa, ga arha har yara na saye kara-kara. Direbobi Uwar Tasha suke ce mata, kuma ba banza ba.

Ku tambayi Sabo, direba Bakatsine mazaunin Rigasa. Wani ya ba shi saƙon buhun zoɓo ya kawo Kaduna. Aka tare shi a hanya, aka farke buhu, sai ga sigari jibge a ƙasa. Aka riƙe motar da yake ciyar da iyalinsa da ita, ana maganar kotu.

Hansai ba ta zauna ba. Ta kira Nazifi, abokin aikinta na Katsina. Ashe sun daɗe suna fakon mai buhun, su da takwarorinsu na Maraɗi. Shaidarsu ce ta wanke Sabo, aka sakar masa motarsa.

Da wata ce, da ta tsaya nan. Ita kuwa ta tara direbobi ta ce daga yau a riƙa buɗe saƙo. Tasha ta kaure. Suka ce saƙo amana ne, tun zamanin iyayen gidansu direba ba ya leƙa kayan mutane. Baba Ɗanasabe, dattijon cikinsu, ya gyara hula.

"Hajiya, in na kwance ƙullin mutum yau, gobe wa zai ba ni maganin tsohuwarsa in kai?"

Ta ce, "To kar ka taɓa, Baba. Mai kayan ya kwance da hannunsa. Kai dai tsaya kana kallo."

Tsohon ya yi dariya ya ce wannan kam ba cin amana ba ne. Kafin a ankara, tsarin ya bi motocin ya isa Katsina, Kano da Gusau. Mai zoɓon gaskiya ya kwance ya ɗaure, mai sigari ya ce ya yi mantuwa a gida, ba a ƙara ganinsa.

Malama Hansai, ke ce kika tsare yaranmu ba tare da kin kunyata iyayensu ba. Ke ce kika gane cewa aikin nan ya fi ƙarfin gari ɗaya.

Makon jiya ta yi ritaya. Sabo ya zo da ƙullin tsaraba, ta mayar da hannuwanta baya ta ce ai ya san doka. Ya durƙusa ya kwance da kansa. Kilishi ne.

Mun gode, Uwar Tasha, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa, ga hanya nan ta bar muku a buɗe.