Wanda Ake Biya Ya Yi Magana

A asibitin da yake aiki, Mai Hoto kowa ke ce masa. Shi ke ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji, a wani ɗaki mai sanyi marar taga can ƙarshen baranda. Maganarsa da marasa lafiya ba ta wuce "Ja numfashi, riƙe, saki." Matarsa, wadda tela ce a cikin gida, takan ce ko a gida da kaɗan ya fi haka. Ba fushi ba ne, ba girman kai ba. Ɗan fari ne a gidan da uba kaɗai ke magana, ya saba haɗiye abin da ke ransa har ya daina jin yana haɗiyewa.

Da babbar 'yarsu ta shiga jami'a, albashi ya fara yi musu kaɗan. Wata nas da suke aiki tare ta nuna masa abin da take yi a wayarta in ta koma gida. Masu gina shafukan intanet da manhajojin waya suna neman mutanen gari su gwada musu kafin su fitar. Sai a ce ka nemi kujera a jirgi, ko ka sayi wani abu, wayar tana naɗar abin da kake dannawa da kuma muryarka. Sharaɗin shi ne duk abin da ya zo ranka ka faɗa da baki.

"Wannan kam ba irin naka ba ne," in ji ta tana dariya, "amma gwada mu gani."

Ya gwada. Ya gama aikin tsaf cikin natsuwa, bai ce uffan ba. Aka rubuto masa cewa sun ga inda yatsansa ya bi, amma ba su ji abin da yake tunani ba, saboda haka ba su karɓa ba. Abin ya tsaya masa a rai. Ya share teburin da ke ɗakin 'yarsa, ya ture akwatuna gefe, ya fara koya wa kansa magana da waya kamar mai koyon tafiya. Da fari kunya yake ji, ko da ba kowa. A hankali bakin ya saki. "Nan na rikice," yakan ce. "Na zaci wannan zai mayar da ni baya ne. Rubutun ya yi ƙanana, ni dai ba zan amince in sa sunana a nan ba."

Naɗin ba ya son hayaniya, don haka in aiki ya shigo da yamma sai ya kashe fanka, matar kuma ta tsayar da keken ɗinki. Takan zauna a falo tana sa maɓallai da hannu har ya gama. A nan ne ta fara jin muryar mijinta tana tafiya doguwa, ba tsayawa. Ashe mutumin yana da ra'ayi a kan launi. Ashe yana gajiya da jira. Har raha yake yi wa waya. Ba ta san ko daɗi za ta ji ko haushi ba.

Wata Asabar aka ba shi shafin wani kanti, aka ce ya ɗauka yana neman kyauta ga matarsa. Ya shiga wajen takalma. Ta ji yana cewa, "Ba zan ɗauki mai tsini ba, yini take tana taka keke, ƙafarta na ciwo da yamma ko ba ta faɗa ba. Kore take so, amma ta daina sawa tun da wata ta ce yana ƙara mata duhu. Ni ban ga haka ba." Allurar ta tsaya a hannunta.

Sai ya danna ya wuce gaba. "Yanzu suna tambayar lambar takalmi," ya ce. "Ban sani ba. Na san ƙashin ƙafar nan, ni na ɗauki hotonsa lokacin da ta gurɗe. Amma lambar takalminta ban sani ba."

"Talatin da tara ne, Malam," ta ce daga falo.

Wannan gwajin ma ba a karɓa ba, saboda wata murya ta shiga. Bai damu ba. Ya fito ya zauna a kujerar da ke kusa da keken, yana juya wani zare a hannu.

"Ashe kana lura," ta ce.

"Ina lura."

"To me ya hana ka faɗa tuntuni?"

Ya ajiye zaren. "Su sun ce in faɗa ne. Ke ba ki ce ba."

"Na yi ta cewa a farkon aurenmu. Da na gaji ne na bari."

Bai musa ba. Suka zauna haka, har ta tuna masa ya je ya kunna fankar.

Aikin bai sa sun yi arziki ba. Wani makon a samu, wani makon ya amsa tambayoyin tantancewa har ya gaji a ce ba irinsa ake nema ba. Yana dai rage musu nauyin makaranta. Shi ma bai koma mai surutu ba, har yanzu a taro can baya yake zama. Amma yanzu in miya ta yi gishiri yakan faɗa, in ta yi daɗi ma yakan faɗa, matar kuwa ta ce gara haka.

Da 'yar ta dawo hutu, suna cin abinci ya ajiye cokali ya dube ta. "Ba kya kirana," ya ce. "Mamanki kike kira, ki ce a gaishe ni. Ba na jin daɗin hakan."

Yarinyar ta kalli uwarta da mamaki. Uwar ta ci gaba da zuba ruwa a kofi.

"Baba, na zaci ba ka son doguwar magana ne."

"Ina so," ya ce. "Ki riƙa kira."