Takalma Ba Mai Gadi

Ina jiran mota a bakin shingen wata firamare, sai idona ya faɗa kan malamar. Gajeriya ce, ta manyanta, ta ci ɗamara da gyale. Igiyar wuyanta abu biyu take ɗauke da shi: usur da maganin shaƙa na masu asma.

Yara sun jeru za su yi tsere. Wata siririyar yarinya tana ja da baya.

"Ina zuwa, uwata? Kin shaƙi maganinki?"

"Na shaƙa, Malama."

Malamar ta durƙusa da ƙyar, ta kara kunne a bayan yarinyar, ta ɗaga wa sauran hannu su yi shiru. Da alama ta taɓa renon mai irin wannan ƙirjin a gidanta.

"Lafiya lau. Fara a hankali. In tari ya taso ki tsaya, ina nan."

Ni ma da asma na tashi. Malaminmu mutumin kirki ne, tausayi ne ya sa kullum in an fito fili yake zaunar da ni a gindin bishiya in tsare wa 'yan aji takalma. Shekara shida ina gadi. Har yau ina tune da wanda silifas ɗinsa ke ɗaure da waya.

Ta busa usur. Yarinyar ce ta ƙarshe, tana haki tana dariya. Na waiga gindin bishiyarsu. Ga takalma nan tuli guda, ba kowa a wurin.